Karofin da Na Kashe da Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Wannan takarda ta fito daga hannun ubanka, Mamman marini na Kazaure, zuwa ga ɗana Isiyaku, wanda ya tashi zuwa Babura don ya haƙa karofin kansa, ramin rini. Gaisuwa mai yawa tare da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa kun sauka lafiya kai da ɗan baffanka Lawal, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya haɗa ku da maƙwabta nagari da ruwa mai albarka. Amin.

Bayan haka, kada ka sa ran labarin gida a nan. Kowa lafiya, shi ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami da wannan hannu nawa da ya fi sanin muciya, magana ce da na kasa faɗa maka baki da baki ranar da kuka ɗaura wa jaki kaya. Ka san halina, ka kuma san ba a saba uba ya zaunar da ɗansa ya zayyana masa abin kunyarsa ba. To takarda ba ta kallon mutum a ido, don haka yau zan amayar da komai. Ka yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta taka tawada.

Innarka ba ta iya riƙe magana, ta gaya mini abin da ka ɓoye mini. Wai wakilin kantin Turawa ya same ka tun kafin ka tashi. Wai zai ba ka shunin gwangwani kyauta, ya jibge maka farin yadin akoko, ya kafa maka rumfa a bakin kasuwa. Kai kuwa aikinka ka tsoma sau biyu, a buge ya yi ƙyalli, a kai wa Buzayen da ke sauka Babura a ce musu rinin gidan Mamman ne. Wai kuma ka ce masa za ka yi shawara. Shawarar me, Isiyaku? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin nan yana da gwangwani, yana da akoko, yana da masu tsomawa in ya so ɗari. Abu ɗaya ya rasa, sunan da Buzu zai ji ya saya bai warware ɗaurin ba, kuma shi ya zo karɓa a hannunka.

Ni ya fara zo wa, shekara uku da suka wuce, da farar rigarsa da takalmi mai ƙara. Ya tsaya nesa da bakin karofi yana toshe hanci, ya ce, "Baba Mamman, zamani ya wuce muciya. Ku karɓi gwangwani tun kuna da daraja, kafin a manta da ku." Na ce, "To je ka ce wa zamanin ya zo da kansa, yana iske ni nan." Da ya ga tsoho ya gagare shi sai ya zagaya ta bayan gida, don ya san da ɗan gari akan ci gari.

Ku yaran yanzu kuna da wata waƙa da kuka haddace: Nasara ya kashe sana'a, kanti ya kashe sana'a, gyaɗa ta kashe sana'a, iyakar da aka ja tsakaninmu da ƙasar Faransi ta kashe sana'a. Ni ma na yi wannan waƙar har muryata ta dishe. Ba ƙarya ba ce, duk sun taɓa mu, kuma ban yafe wa ko ɗaya ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau uku marinata ta durƙusa, kuma duk sau ukun abin da ya zo daga waje ya iske na buɗe masa ƙofa daga ciki. Ga yadda aka yi.

Kakanka ya bar mana karofi bakwai, ni da ƙanena Salihu, uban Lawal. Ni ne babba, ni ya koya wa haɗi: yawan toka, yawan katsin da ake ƙonawa daga lakar tsohon rini, yawan ganyen baba mai ba da shuni, ranar da za a fara motsawa, irin kumfar da za ta taso, da yadda za ka ɗanɗana a harshe ka san karofi ya nuna. Ya ce in Salihu ya tasa in koya masa. Ban koya masa ba. In zan yi haɗi sai in tura kowa ɗiban ruwa, har shi. Ina jin daɗin a ce duk marinar nan in ba Mamman ba rini.

Sai Nasara suka so hanyar mota, aka shiga ɗiban mutane aikin tilas, kowane gida mutum ɗaya. Mai unguwa ya zo ƙofar gidanmu, na ce, "Ranka ya daɗe, in na tafi wa zai kula da karofi? Ga Salihu." Ya tafi, ya dawo ƙafa duk faso. Aka sake zuwa, na sake cewa ga Salihu. A na uku ya tsaya a zaure ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Yaya, ashe shi ya sa ba ka koya mini ba?" Wallahi maganar ta soke ni, don gaskiya ce ko da ban taɓa faɗa wa kaina ita ba. Amma abin da na ce shi ne, "Rufe mini baki, ɗauki gorarka ka bi mutane." Ya ɗauka ya bi su. Da aikin ya ƙare bai juyo gida ba, ya zarce Kano ya shiga dakon buhunan gyaɗa.

Da aka zo na huɗu babu wani Salihu da zan nuna, sai aka tafi da ni. Wata biyu ina fasa dutse, daidai lokacin saukar ayarin Buzaye. Mutane huɗu na bari a marina, ba malalata ba ne, amma ba wanda ya san abin da zai yi in karofi ya fara sanyi. Wannan ya ƙara ruwa, wancan ya ƙara toka. Na dawo na iske karofi biyar sun mutu suna wari, baban shekara guda ya tafi a banza, ayari ya zo ya wuce. Na zauna bakin karofi ina tsine wa hanyar mota da wanda ya kawo ta. Amma maƙwabcina da aka ɗebe mu tare, shi ya dawo ya iske nasa suna kumfa, don 'ya'yansa da barorinsa duk sun iya haɗi.

Don haka ka ji ni da kyau. Duk abin da na koya maka ka koya wa Lawal, da duk wanda zai riƙe maka muciya, da babbar murya, da rana tsaka. Kada ka ce in sun iya za su gudu su kafa nasu. Su kafa mana! Gara su bar ka sun iya da su zauna maka ba su iya ba. In kuma aka zo ɗiban mutane, ko wata wahala ta faɗo wa gidanku, kai ne babba, kai za ka fara miƙewa. Na je Kano daga baya na nemo baffanka, na same shi da buhu a ka, na ce ya dawo mu raba marina biyu. Ya ce, "Yaya, wuyana ya saba." Can ya rasu, kuma har yau in na tuna wannan amsa sai abinci ya fita raina.

Na biyu ya shafi baba. Ka san mu ba ma noma shi a da, matan ƙauyukan Gwiwa da Roni ne ke yankowa, su daka, su cura, su shanya, su kawo mana a kai. Babbarsu wata dattijuwa ce, Gwaggo Tabawa, ita ke tattaro na sauran. A lokacin nan ina ganin ni nake yi musu alfarma. Sai su taso tun safe su iso da hantsi, in bar su a rana sai na gama abin da nake yi. In fasa curi ɗaya, in na ga ɗan ƙasa-ƙasa in ture kwandon duka da ƙafa. Ko ruwa ban cika cewa a ba su ba. Ina za su kai, in ji ni, in ba wurinmu ba?

Wata rana Gwaggo Tabawa ta ce mini, "Mamman, mazanmu fa sun fara zancen gyaɗa. An ce Turawa na saye ko nawa ne, jirgin ƙasa na kwashewa daga Kano. In ba ku riƙe mu da kyau ba, gonakin baba za su tafi." Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Gwaggo, gyaɗa? Ta ƙuli-ƙuli? Ku dai kawo baba mai kyau ku bar zancen maza." Ta kalle ni ta ce, "To, Allah ya ba mu alheri." Ta naɗa gammonta ta tafi.

Damina biyu kacal. A ta uku na aika Gwiwa aka dawo mini da kwando rabi. Ga haraji ana nemansa da kuɗin Nasara, ga gyaɗa tana kawo kuɗin nan take, wa zai tsaya wahalar baba don wani mai ture kwando da ƙafa? Ban isa in hana jirgin ƙasa zuwa Kano ba, wannan na sani. Amma ɗan baban da aka ci gaba da yi a gefen gonaki, wurin masu rinin da suke shimfiɗa wa matan nan tabarma a inuwa ya tafi, ni ko ƙyallinsa ban gani ba.

Saboda haka, duk wanda ke kawo maka abin aiki, mai baba ne, mai toka ne, masaƙi ne, mai jan ruwa ne, ka ɗauke shi ɗan cikin marinarka ne da yake kwana a wani gari. Ka tashi ka gaishe shi, ka ba shi inuwa. In kayansa da aibi ka faɗa masa a gefe. Kuma in ya kawo maka labarin abin da ke tafe, ka ajiye muciya ka saurara, ko da tsohuwa ce mai gammo. Kai kana duƙe kan rami, su ne ke yawo suna ganin inda hadari ke haɗuwa. Babura bakin iyaka ce, yau a buɗe hanya gobe a tare ayari, kuma masu raƙuma da masu jakuna za su riga kowa sani.

Na ukun shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, har innarka, ko da yake duk garin nan an sani.

Akwai wani Buzu, Agali, madugun ayari. Tun zamanin kakanka a gidanmu yake sauka duk shekara, ya kawo gishiri da dabino, ya koma da turkuɗi, baƙin yadin nan mai ƙyalli. Ba ya warware ɗauri in daga hannunmu ya fito. A shekarar da baba ya yanke mini ya zo ya ce yana son turkuɗi mai yawa, na mutanensa da suka ba shi saƙo, da kuma guda na musamman, don a shekarar za a naɗa wa babban ɗansa rawani na farko. Ka san su, ranar nan ce yaro ke zama namiji a cikinsu. Ya ce, "Mamman, wannan na ɗana ne, ka yi shi kamar na ɗanka." Na ce, "An gama."

Ba ni da baban da zai yi ko rabi. Abin da ya kamata in ce ke nan, kalma uku: babu baba bana. Girman kai ya hana. Ina zan bari a ji marinar Mamman ta gaza? A lokacin ne gwangwanin nan ya fara shigowa kasuwa. Na sayo a ɓoye, na zuba a karofin da ya riga ya gaji, na tsoma sau biyu maimakon yadda aka gada, a tsoma a shanya a tsoma a shanya har baƙin ya shiga cikin zare. Na kai wa mabuga na ce su danna shuni a kai su buga sosai. Ya fito yana walƙiya, ko ni sai da na kusa yarda. Agali ya karɓa bai warware ba, ya sha furar sallama ya tafi.

Da shekara ta kewayo sai ga shi. Bai sauke kaya a ƙofarmu ba. Ya zo marina da ƙafa, mutane cike, ya zaro wani ƙyalle daga hammata ya shimfiɗa a gabana. Rawanin ɗansa ne, ya koɗe ya yi fari-fari kamar tsohon tsumma. Ya ce, "Mamman, aikin hannunka ne wannan?" Na shiga kame-kame, na ce zamani ne, gyaɗa ta cinye gonaki, baba ya yi wuya, Nasara sun ɓata komai. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Ban tambayi zamani ba, kai na tambaya. Da ka ce mini babu, da na jira baɗi. Wata uku da naɗi ana nuna ɗana da baki, waɗanda suka ba ni saƙo kuma suna cewa na ci amanarsu." Na sa aka kawo masa ruwa, ya ce ya gode, ba ya jin ƙishi. Ya bar mini ƙyallen a ƙasa ya juya.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya da da sauƙi. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Labari ya bi raƙuma ya shiga arewa, kuma can ba a ce rinin Mamman ba, rinin Kazaure aka ce. Shekara huɗu ayari na ratse mu. Maƙwabtana da ba su taɓa ganin cikin gwangwani ba suka rasa masu saye, mabuga suka watse, masaƙa suka koma gona. Ka ga dai, abin da na yi ni kaɗai a bayan katanga, shi ya fita ya sauya mana kasuwa gaba ɗaya. Waje yana shigo maka, kai ma kana fita ka ɓata waje ko ka gyara shi, kuma a lokacin ko a masallaci ba mai matsa mini a sahu da daɗin rai.

Nan ne kowa ya ce in rufe ramukan in shuka gyaɗa kamar mutane. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan rufe ba. Ni na kashe, ni zan tayar. Na ɗauki sanda na taka har Gwiwa da ƙafata, na durƙusa gaban Gwaggo Tabawa. Ta ce, "Au, yau ka san hanyar garinmu? Ku ba shi tabarma, mu ba ma barin baƙo a rana." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta gama wanke ni tas, sannan ta ba ni irin baba a ƙullin zane, ta kuma yi wa matan magana. Na raba gonata biyu na shuka baba a rabi, ana wucewa ana cewa Mamman ya taɓu. Na tara duk mai aiki a marina na yi haɗi a gabansu ina faɗa ɗaya bayan ɗaya. Duk Buzun da ya ratso na ce ya warware, ya jiƙa, ya murza, in ya so ya bar shi a rana kwana bakwai kafin ya saya. A haka, kaɗan-kaɗan, suka dawo. Shekara goma da ɗoriya abin ya ci kafin a sake karɓar ɗaurinmu ba a duba ba, kuma kai ka tashi ka iske abin a gyare, ka zaci haka yake tun fil azal.

Wannan shi ne abin da mai farar riga yake so ka miƙa masa a kan gwangwani kyauta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Isiyaku. Ranar da rinin ya koɗe a arewa, shi zai nannaɗe rumfarsa ya koma wani gari ya nemi ɗan wani, kai da Lawal da duk masu rinin Babura ku za ku zauna da abin. Ban ce gwangwani haram ne ba. In mai ƙaramin ƙarfi ya zo yana son na araha, rina masa, ka ce masa na gwangwani ne, zai koɗe. Amma ka ware masa ramin kansa, kada ya kusanci na baba, kada kuma ya fita da sunan gidanmu. Masu cewa kwanan muciya ya ƙare su yi ta faɗa. Kanti ya fi mu kaya, ya fi mu jirgi, ya fi mu baki a wurin masu mulki, amma har gobe bai isa ya sa Buzu ya karɓi ɗauri bai warware ba, mu kuwa mun isa.

Saura abu ɗaya. Duk Buzayen sun dawo, ban da Agali. Bai sake tako Kazaure ba har ya tsufa ya bar tafiya. An tabbatar mini yanzu ɗan nan nasa, mai rawanin, shi ke jan ayarin, kuma a Babura yake sauka. Mai kawo maka takardar nan zai ba ka wani ɗauri. Turkuɗi ne na rawani guda, da baban gonata, ni na tsoma shi da hannuna har na daina ƙirga. In ayarin ya sauka, ka je ranar kasuwa, ba a masauki ba, a gaban mutane, kamar yadda ubansa ya same ni a gaban mutane. Ka gaishe shi, ka ce, "Ni ne ɗan Mamman na Kazaure, wanda ya cuci mahaifinka a kan rawaninka. Ya ce in faɗa maka ba zamani ba ne, shi ne. Ga naka." Kada ka rage ko kalma don ka rufa mini asiri, ban sa ka ba. In ya karɓa, alhamdu lillahi. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, ka ajiye a gabansa ka yi sallama.

Amma in ka riga ka yanke za ka bi wakilin kanti, to kada ka kai. Ba zan nemi gafarar mutum da hannun dama ba, alhali ɗana na shirin cutarsa da na hagu. Ka ba masu jakunan da ke zuwa kasuwarmu ɗaurin su dawo mini da shi yadda yake. Ba zan yi maka baki ba, kai ɗana ne duniya da lahira, ba kuma sai ka wahalar da kanka da rubuto dalili ba. Ganin ɗaurin ya ishe ni amsa.

Allah ya tsare ka da tsarewarsa, kai da Lawal. Allah ya kare ku daga ciwo da gobara da sharrin mai hassada, ya sa albarka a ramin da za ku haƙa da ruwan da za ku zuba, ya ba ku ƙarfin cewa babu a ranar da babu. Innarka tana gaishe ku, ta ce ku riƙa cin abinci. Ni kuwa duk ranar kasuwa zan fita bakin hanyar Babura in tsaya har jakin ƙarshe ya shigo, ina roƙon Allah kada ya nuna mini ɗaurin nan.

Haza wassalam, daga ubanka Mamman.